Ƙirga Biyar, Ja Baya Ƙafa Shida

Ranar Asabar 6 ga Janairun 2024 muka taru a ɗakin ƙere-ƙere na makarantar su ɗiyata, a wani gari da ke gefen birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka. A ranar ce ƙungiyar FIRST ta bayyana wasan da 'yan sakandare za su fafata a kai a gasar mutum-mutumi ta shekarar, wanda aka sa wa suna Crescendo. Yara sun zuba wa allo ido suna kallon yadda za a ci maki. Ana gama nuna bidiyon aka saki kundin dokoki mai shafi sama da 100, babban malamin ƙungiyar kuma ya shiga rabon aiki. Wasu suka ɗauki ƙira, wasu waya da batir, wasu manhaja. Ni da ɗiyata aka bar mana sashen da ba a rububinsa, wato dokokin taɓa abokin hamayya da hukuncin da ke biyo baya. Ita ce ke neman kujerar tuƙi a wannan shekara. Ni kuwa ina cikin iyayen da ke zuwa sa hannu da yamma bayan an tashi aiki, da yake injiniya ne ni a wani kamfanin kayan mota.

Duk da sunansa mutum-mutumi, abin bai yi kama da mutum ba ko kaɗan. Akwatin ƙarfe ne mai taya, a dokar 2024 nauyinsa zai iya kai kilo 57 ban da batir da bamba, kuma masu gudun cikinsu suna cin kusan mita 5 a daƙiƙa ɗaya. Filin shimfiɗe yake da kafet, faɗinsa kusan mita 8, tsawonsa kusan mita 16. A wasan na 2024, inji uku na jan ɓangare ne ke karawa da uku na shuɗi, tsawon minti biyu da rabi. A daƙiƙa 15 na farko injin ne ke tuƙa kansa, daga nan yara su karɓi ragama daga bayan gilashi. Aikin shi ne a tsinci wani zoben soso mai ruwan goro, a harba shi cikin wata taga da ake kira lasifika, ko a zura shi a wani rami da ake kira amfilifaya.

Ƙungiyarmu ba ta cikin masu hannu da shuni. Tun a mako na huɗu da fara ƙira muka gane cewa maharbinmu ba zai kamo na manyan ƙungiyoyi ba. Abin da Allah ya hore mana shi ne ƙafafu masu ƙarfi da yarinya mai nutsuwa a kan abin tuƙi. Wanda ya taɓa yin langa a dandali ya san cewa ba kowa ne ruwa ba. Akwai waɗanda aikinsu su tare hanya, su hana ruwan ɗaya ɓangaren sha. To haka abin yake a nan. In ka hana gwanin harbi kaiwa da komowa sau uku, kamar kai ma ka ci sau ukun ne. Sai dai mai tsaro a bakin rijiya yake wasa, domin kusan duk dokokin taɓawa a kansa suke faɗawa.

Yadda na yi karatun zaure ina yaro a Katsina, haka na ce mu bi kundin nan: a karanta baƙi, a fassara, sannan a koma sharhi. Kuma tsarinsa ya yi kama da hakan. Kowace doka tana da lamba da mataninta, a ƙasanta akwai hukuncin wanda ya saɓa, sannan sau da yawa akwai wani akwati mai launin shuɗi da ke ɗauke da bayani da misalai. Duk kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe tana da ma'ana ta musamman a ƙarshen kundin, ba ma'anar da ka sani a kasuwa ba. In suka ce abu ya faru na ɗan lokaci, suna nufin ƙasa da kimanin daƙiƙa 3. In suka ce ya ɗore, sama da kimanin daƙiƙa 10 ke nan. In suka ce an maimaita, to ya wuce sau ɗaya a wasa guda. Mun yi dare biyu a teburin cin abinci muna bin waɗannan kalmomi kawai, mahaifiyarta tana kawo mana shayi tana kwashe kofuna.

Dokar da muka fara tsayawa a kanta ita ce G417. Kowane inji yana da iyakar gangar jikinsa, wato layin da za ka samu in ka zagaye firam ɗinsa da zare. A bayan layin nan ake ɗaura bamba, wadda ake yi da katako da sandunan soso irin waɗanda yara ke koyon iyo da su, a naɗe da yadi ja ko shuɗi mai ɗauke da lambar ƙungiya. Na ce wa ɗiyata ta ɗauki bamba a matsayin katangar gida. Katanga ta gogi katanga ba laifi, ko da ƙarfi ne. Abin da aka hana shi ne ka zura hannu ta saman katanga zuwa cikin gidan mutane. In wani sashe na injinka da ya leƙo waje, kamar bakin tsintar zobe, ya fara taɓa abokin hamayya a cikin iyakarsa, ƙaramin laifi ne, a ba ɗaya ɓangaren maki 2.

Kalmar "fara taɓawa" ce ta riƙe mu. Wa ya fara, in inji biyu sun yi karo a guje? Sharhin ya ce farawa tana buƙatar ka kasance kana tafiya zuwa wajen abokin hamayya, sannan ya ƙara da cewa a karo guda yana yiwuwa duka biyun su zama sun fara. Na ja layi a ƙarƙashin wannan jimla da jan biro. Ban san za ta dawo mana ba.

Mai bi mata, G418, ita ce mai zafin. Ta hana lalata injin abokin hamayya ko hana wani sashe nasa aiki, kuma ƙofa biyu ce ke kai mutum cikinta. Ta farko ganganci. Ta biyu kuwa ba ruwanta da niyya: in ka fara taɓawa a cikin iyakarsa, wani abu ya lalace, ka shiga. Hukuncin shi ne babban laifi mai maki 5 da katin gargaɗi. In injin nasu ya kasa motsi gaba ɗaya, jan kati ne, wasan ya tashi maka a tutar babu.

Ɗiyata ta ajiye biro ta ce, "Baba, wannan ai ba adalci ba ne. Ya za a hukunta mutum kan abin da bai yi niyya ba?"

Na ce mata, "Mamana, malamanmu na fiƙihu ma cewa suke yi, a dukiyar mutane kuskure da ganganci duk biya ne. Wanda akuyarsa ta shiga gonar wani ba a tambayarsa abin da ke zuciyarsa, ɓarnar ake dubawa."

Ba ta gamsu ba a daren, kuma na bar ta a haka.

Sai G420, dokar maƙurewa. In ka danne inji ka hana shi motsi, ko da jikinka ko ka haɗa shi da bango, daƙiƙa 5 gare ka. Alƙalin wasa zai nuna ka, ya riƙa sara iska da hannu yana ƙirgawa. Kafin biyar ta cika dole ka ja baya ƙafa 6, kusan mita biyu, ka kuma dakata a can. In ka wuce biyar ƙaramin laifi ne, in ka ci gaba da dannewa kuma babban laifi na hawa duk bayan daƙiƙa 5.

Bayan waɗannan akwai wuraren da aka keɓe. Kowane ɓangare yana da harabar amfilifayarsa, da harabar wurin da yake ɗibar zobe a can ɗaya ƙarshen filin, da wani ɗan mumbari a jikin ƙafar dandamali, wato wani gini mai sarƙoƙi da ke tsaye cikin fili. A harabar amfilifaya da ta ɗiba, in bambar ɗayanku tana ciki kuka taɓa juna, kai baƙo kai ne da laifi, ko da shi mai gidan ne ya zo ya buge ka. Maki 5 ke nan. A daƙiƙa 20 na ƙarshe kuma, lokacin da injuna ke ƙoƙarin rataya a jikin sarƙar dandamali, kariyar takan koma can, hukuncinta ma ya fi nauyi.

A nan ne muka ga kamar dokoki biyu suna karo. Akwai wata doka a sashen ɗa'a da ta hana ka tilasta wa abokin hamayya ya saɓa doka don ka ci riba, ta ce laifin da aka jawo ta wannan hanya ba za a ɗora shi kan wanda aka tilasta wa ba. To in muna tsaye a wajen harabarsu, gwaninsu ya turo mu ciki da ƙarfi, wace doka ce za ta yi aiki? Ta haraba ta ce mu ne da laifi ko wa ya fara. Ta ɗa'a ta ce shi ne.

FIRST tana da hanyar aika tambaya a hukumance, kuma kowace ƙungiya na ganin amsoshin da aka ba wasu. Muka rubuta tambayarmu muka kai wa babban malami, da yake shi ke riƙe da mabuɗin. Ya karanta, ya buɗe kundin ya nuna mana inda aka ce ba a amsa tambaya kan yanayin da bai fito fili ba, ba a sake duba hukuncin da aka riga aka yanke a wata gasa, kuma ba a tantance ƙirar inji ta wannan hanya. Tambayar tamu cike take da "in an ce" da "idan kuma". Sai ya ba mu shawarar mu koma sharhin dokar ɗa'ar mu sake karantawa a hankali. Da muka koma muka tarar amsar tana nan kwance: dokar ba ta hawa kan wanda ke cikin wasansa na yau da kullum, sai wanda ya yi abu da gangan ta yadda ɗayan ba shi da mafita ko kaɗan. Ma'ana, in gwanin nasu hanyarsa ta zuwa amfilifaya yake bi, mu muka tsaya masa a baki, ya tura mu ciki, to mu muka kai kanmu. Daga ranar ɗiyata ta ɗauki al'adar duba gyare-gyaren da ake fitarwa duk Talata da Juma'a, ta buga su a takarda ta liƙa a bangon ɗakin ƙira.

Muka sayo salatif mai launi muka zana harabobin a ƙasan ɗakin cin abincin makarantar. Wani yaro ya riƙa tuƙa tsohon injin bara a matsayin abokin hamayya, ni kuma na zama alƙali, ina ƙirgawa da hannu. Mako biyu muna wannan. A ganina mun shirya.

Michigan ce ta fara tsarin gasar gunduma a 2009, kuma a tsarin kowace ƙungiya tana zuwa gasa biyu kafin a ga wanda zai wuce ta jiha. A gasa guda za ka samu ƙungiya kusan 40, kowace ta yi wasa 12, wato wasa kusan 80 a cikin kwana biyu. Ta farkonmu a zauren wasannin wata makaranta aka yi ta a farkon Maris. Kiɗa na tashi, yara sun sha fenti a fuska, kowa da tabaran kariya. Alƙalan wasa suna tsaitsaye a gefen fili cikin riga mai zanen baƙi da fari, shugabarsu kuma tata mai zanen baƙi da ruwan ɗorawa. Dukkansu 'yan sa kai ne, ba mai biyansu ko sisi. Kafin a fara, shugabar ta tara direbobi ta yi musu bayani, ta buɗe ƙofar tambaya. Ɗiyata ta yi tambayar nan ta turawa cikin haraba. Amsar da ta samu ta yi daidai da abin da muka fahimta: za a duba ko mai turawar yana kan harkarsa ne, kuma ko wanda aka tura yana da damar kaucewa.

A wasanmu na uku muka fara ɗanɗana kuɗarmu. Ta maƙure wani inji a bango, alƙali ya kai huɗu, ta ja baya, ta sake komawa nan take. A zatonta ƙirga ta koma farko. Alƙalin kuwa daga huɗu ya ɗora, ya ce biyar, ya ɗaga tuta. Ja da bayan ba ya goge ƙirga sai an kai tazarar an kuma dakata. Laifin nan nawa ne, domin a wajen atisaye duk sanda ta ja baya sai in sauke hannu in fara daga ɗaya. Na karanta dokar daidai, na koyar da ita ba daidai ba. Maki 2 ne kawai, amma na faɗa mata a gaban sauran yaran cewa daga wajena kuskuren ya fito.

Babban abin ya zo a wasa na bakwai, da yammacin ranar farko. Abokan ƙawancenmu sun roƙe mu mu tsare wani inji mai saurin gaske. Bakin tsintar zoben namu irin wanda ke saukowa ta saman bamba ne, yana leƙowa waje kusan ƙafa ɗaya, iyakar abin da doka ta yarda. A tsakiyar wasa wani zobe ya gangaro gabanta, yaron da ke riƙe da abin sarrafawa na biyu ya sauke bakin don ya tsinta. A daidai lokacin injin da muke tsaro ya fito daga bayan dandamali a guje, ita kuma ta juya ta nufe shi kamar yadda ta saba. Ina zaune a sama cikin 'yan kallo, amma na ji ƙarar. Bakin namu ya hau saman bambarsu ya shige ciki. Da suka rabu injin nasu ya ci gaba da tafiya, sai dai tayoyin harbinsa sun tsaya cik. Har aka tashi bai sake jefa zobe ko ɗaya ba.

Ana gama wasa alƙalai suka haɗa kai a gefen fili. Shugabar ta shiga ta durƙusa gaban injin nasu, ta leƙa ciki, wani yaronsu ya nuna mata wata waya da ta tsinke tana lilo. Kundin ya ba ta damar yin wannan dubawa, kuma da ba ta ga ɓarna ba tana iya janye hukuncin. Ta gani. Ta tako har gaban gilashin da yaranmu ke tsaye, ta ɗaga katin gargaɗi sama, mai sanarwa ya faɗi lambar dokar. Da aka nuna sakamako a allo, lambar ƙungiyarmu tana cikin ruwan ɗorawa, kuma haka za ta ci gaba da fitowa har a gama zagayen farko. Kati na biyu in ya zo, ja ne kai tsaye.

Kafin in sauko daga sama wani uba ya tare ni da wayarsa. Ya ɗauki wasan, kuma a bidiyon ana gani ƙarara cewa injin nasu ma ya nufo mu, har ya fi mu gudu. Na karɓa na kalla sau uku, raina yana tafasa. Na tarar da ɗiyata a bayan fili idonta ya yi ja, hannunta yana rawa.

"Baba, su suka shigo mini. Ka ga bidiyon? Bari in kai mata ta gani."

Na ce, "Ba za ta kalla ba, Mamana. Kin san dokar."

Ta sani. Kundin ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa babu wani jami'in gasa, har da shugaban alƙalai, da zai duba bidiyo ko hoto daga ko'ina. Abin da aka tanada shi ne wani ɗan wuri da aka zana a ƙasa kusa da teburin maki, akwatin tambaya. Ɗalibi ɗaya ne zai tsaya a ciki ya jira shugaban alƙalai, kuma mutum ɗaya na iya raka shi da sharaɗin ba zai ce uffan ba. Babba ba ya yi wa yaro magana a wurin. Na ce mata ta sha ruwa, ta yanke shawarar tambaya ɗaya da take son amsarta, ni zan tsaya a bayanta.

Tsayuwar nan ta minti uku tana cikin abubuwa masu wuya da na yi a matsayin uba. Ina da hujjoji cike da baki, na haɗiye su. Ta gaida shugabar, ta faɗi lambar wasa da lambar doka, ta tambaya: tunda su ma sun nufo mu, me ya sa mu kaɗai aka hukunta? Matar ta saurare ta har ta gama. Sannan ta ce ta yarda duka injunan biyu sun nufi juna, kuma ba ta ga alamar ganganci ba. Amma su da bamba suka zo, mu da baki a waje muka zo, abin da ya shiga gidan wani namu ne, waya kuma ta tsinke. Ta ƙara da cewa da injin ya kasa tafiya, da ba wannan katin za ta ɗaga ba. Jimlar nan da na ja wa layi da jan biro ce ta dawo. Ɗiyata ta yi godiya, muka fito.

Ina da ra'ayi a kan dokar nan, kuma ban sauya shi ba har yau. Tana da wani rauni na gaske: girman hukuncinka ya danganta da yadda abokin hamayya ya ɗaure wayoyinsa. Karo iri ɗaya, in ka yi shi da injin da aka killace cikinsa da kyau, maki 2 za ka biya. In ka yi shi da wanda wayarsa ke waje, sai kati. Kuma abin da alƙalan wannan gasa suka ɗauka da zafi, na wata gasar suna iya kallonsa da sauƙi, domin ido ne ke hukunci, cikin ƙiftawa da bismillah, a filin da inji shida ke zirga-zirga. Duk da haka in aka ce in zaɓa, ba zan cire dokar ba. Injin nan da muka tsinke wa waya, yara ne irin namu suka kwashe makonni suna haɗa shi, da kuɗin da suka bi kamfanoni da shaguna suna roƙo. In babu doka mai tsanani irin wannan, mai ƙarfi zai riƙa farfasa na marasa ƙarfi ne kawai. Batun bidiyo ma da na huce na gane uzurinsu. Wasa 80 a kwana biyu, in aka ce kowane uba ya kawo wayarsa, ba za a tashi ba sai asuba.

Daga akwatin tambaya ba mu koma rumfarmu ba. Babban malami ya miƙo wa ɗiyata ƙullin waya da filaya, ya nuna mata hanya da haɓa. Kowace ƙungiya tana da rumfar gyara mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 10, muka bi layi har muka sami tasu. Ta ba su haƙuri, ta tambaya ko akwai abin da za ta kama musu. Direbansu, wani dogon yaro mai gilashi, ya matsa mata wuri. Su biyu suka durƙusa, shi yana haska fitilar waya, ita tana fere bakin wayar da ta tsinke. Marigayi Woodie Flowers, malamin jami'ar MIT da ya yi shekaru yana jagorantar gasar nan tare da Dean Kamen wanda ya kafa FIRST a 1989, shi ya dasa wannan tarbiyya ta a fafata da gaske amma a mutunta juna. A wurinmu ba baƙon abu ba ne. Ko a dambe, wanda ya kayar yakan miƙa hannu ya ta da wanda ya faɗi.

A daren nan a mota ba ta ce komai ba sai da muka kusa gida. Ta ce, "Baba, na gane abin da ke damuna. Ni ina tuƙi ne da abin da na san na yi niyya. Ita kuma tana hukunci da abin da idonta ya gani." Na ce to me za mu yi? Ta ce mu gyara injin da tuƙin ta yadda ba za a bar wa alƙali abin da zai yi tunani a kai ba.

Mako uku ne tsakaninmu da gasa ta biyu, azumi kuma ya kama a tsakiya, ranar 11 ga Maris. Yaran manhaja suka ƙara maɓalli ɗaya a abin tuƙinta. In ta danna, bakin tsinta zai naɗe ya koma ciki ya kulle, mai sarrafawa na biyu ba zai iya sauke shi ba sai ta saki, wata fitila kuma ta kama a saman injin don kowa ya gani. Muka sake zana harabobin, amma a wannan karon muka ƙara wani layi taku ɗaya a wajen kowace haraba, muka ce nan ce iyakarmu. Mai ba da umarni a bayanta ya daina jiran alƙali, shi ke ƙirgawa da ƙarfi, kuma a uku yake cewa ta saki. In ta saki, ba ta komawa kan wannan injin sai ta zagaya. Mafi muhimmanci, ta daina bin inji a guje. Ta koyi tsayawa a mashigar da ke tsakanin dandamali da bango, inda dole mai ɗauke da zobe ya bi, ta ba shi gefen bamba, ya zo da kansa ya same ta a tsaye. Wanda ke tsaye ba a cewa shi ya fara. Ni ma na gyara alƙalancina. Na daina yi mata sassauci, har nakan ɗaga tuta a abin da ke kan gaɓa, don ta saba da alƙalin da ya fi kowa tsanani. Da la'asar muke farawa, mu tsaya mu sha ruwa da dabino a bakin ƙofar ɗakin, sauran yaran suna jiranmu, wasu ma suna karɓar dabinon.

A gasa ta biyu mun yi wasa 12, babu kati, babu babban laifi ko ɗaya. Ba mu zo sama a jeri ba, domin tsaro ba ya ɗaga ƙungiya a teburi. Amma manyan ƙungiyoyi suna da yara a cikin 'yan kallo da ke rubuta abin da kowane inji ya yi, har da yawan makin da ya bayar ta hanyar laifi. Da aka zo zaɓen ƙawance, inda ƙungiyoyi takwas na sama ke zaɓar abokan tafiya zuwa zagayen kifa biyu kwala, kyaftin ɗin ɗaya daga cikinsu ya kira lambarmu a zaɓensa na biyu. Daga baya malaminsu ya gaya mini cewa a wannan zagaye kati kan ƙawance gaba ɗaya yake hawa, shi ya sa suke neman mai tsaron da ba zai jawo musu ba. Mun ci wasa biyu aka fitar da mu. A wasan ƙarshe na ga ta matse gwanin ɗaya ɓangaren a bango, alƙali ya ɗaga hannu ya sara ɗaya, biyu, uku, kafin ya kai ta huɗu ta riga ta ja baya ta koma mashigarta, ya sauke hannunsa ya juya wani wajen.

Ranar 4 ga Janairun 2025 muka sake taruwa a ɗakin nan, aka bayyana sabon wasa mai suna Reefscape. Ana sakin kundin ta wuce kai tsaye sashen taɓa abokin hamayya, tana bi da yatsa. Babban laifi ya koma maki 6. Inji ɗaya tak aka yarda ya tsallaka ɓangaren abokan hamayya a lokaci guda. Sai ta ɗago ta ce, "Baba, biyar ɗin ta koma uku." Ta ɗauki jan biro ta rubuta biyu a gefen shafin, ta tura wani ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya ya ɗauko mana salatif.